Taya Biyu Ko Taya Huɗu

Litinin, 6 ga Oktoba

Maigadin masana'antar madara ya kira ni da safe, ina tsaka da ba Injiniya shayi da cokali. Sai da na fita barandar asibitin na ɗauka. Wai an sayar da wurin, sababbin masu shi sun ce ranar Juma'ar makon gobe za su share filin, duk abin da suka tarar a ciki masu sayen tsohon ƙarfe za su kira su yanka. Motar mijina tana cikin filin nan.

Na koma ɗakin ina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir. Ya kafe ni da ido.

Injiniya. Ni na laƙaba masa sunan don tsokana tun muna sabon aure. Mai gyaran firji ne, amma ba abin da zai shigo gidanmu bai kwance shi ya ƙara masa wata dabara ba. Ɗakin sanyin masana'antar ya je gyarawa, tafiyar rabin yini daga nan. Ya gama, motar ta ƙi tashi, ya buɗe gabanta da tsakar rana ya fara kwance-kwance, a nan ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin dama ya shanye, baki ya ɗauke. Kalmar farko da ta dawo masa ba sunana ba ne, ba na 'yarsa ba. Mota. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce masa ai ƙanena Auta ya kawo ta, tana ƙofar gida an lulluɓe ta.

Yanzu ma'aikaciyar da ke motsa masa gaɓoɓi da motar take lallashinsa. In ya ƙi tashi sai ta ce, "To Baba, wa zai tuƙa motar?" Sai ka ga ya cije ya miƙe. In aka yanka motar nan ban san da me za mu sake ɗaga shi daga gado ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Na rufe shagon ɗinki da wuri na je wurin Auta. Ƙanena, komai a wurinsa mai sauƙi ne. Yana loda kiret ɗin ƙwai a a-kori-kurarsa yana cewa igiya kawai za a ɗaura, wani ya zauna a ciki ya riƙe sitiyari. Na ce wane wani? Ni ban taɓa zama a kujerar direba ba ko da wasa. Ga injin a kwance, birki ba zai ci yadda ya kamata ba, ga doguwar gangarar nan mai kwana-kwana kafin gada. Ya sosa ƙeya ya ce to sai dai mu yi hayar ƙaramar tirela.

Ni tirela da na sani ita ce mai dogon jiki da ke tare hanya. Ashe akwai 'yan ƙanana da ake maƙalawa a bayan a-kori-kura. Gobe za mu je.

Laraba, 8 ga Oktoba

Mai hayar yana bayan kasuwar kayan gyara, wani fili duk baƙin mai, kare a ɗaure. Mutum ne mai tsamin rai, ko kujera bai ba ni ba. Iri biyu gare shi. Akwai mai taya biyu, gajeruwa, ana ɗora mata tayoyin gaban mota a ɗaure, na baya su riƙa bin titi. Akwai mai taya huɗu, shimfiɗaɗɗiya kamar gado, tana da abin murɗawa mai igiyar ƙarfe da ke jawo mota gaba ɗaya ta hau ta zauna.

Ina ganin mai huɗun na ce ita nake so. Motar Injiniya ta hau ta zauna da mutuncinta, ba a ja ta da gindi a ƙasa ba.

Bai ko kalle ni ba. Ya zagaya motar Auta, ya tsuguna ya girgiza dunƙulen ƙarfen da ake maƙala tirela a jiki, wanda Auta ya sa mai walda ya liƙa masa bara. Ya ce mai huɗun ita kaɗai nauyi gare ta, balle an ɗora mata mota.

"A gangara ba kai za ka ja ta ba," ya ce wa Auta, "ita za ta tura ka."

Auta ya fara kurin motarsa, na taka masa ƙafa. Sai mutumin ya juyo gare ni, wai motar da gaba take ja ko da baya? Na ce da mai take ja. Bai yi dariya ba. Wai in tayoyin baya ne ke tura ta, jan ta a mai biyu zai iya cinye mata giya. Shekara nawa ina shiga motar nan, ban san amsa ba, kuma wanda ya sani yana kwance, shi ne kaɗai ba zan iya tambaya ba.

Maigadi ne ya cece ni, Allah ya saka masa. Na kira shi, ya kwanta a ƙarƙashinta da waya a kunne, mai haya yana gaya min abin da zai duba ina isar masa. Ba dogon ƙarfe daga gaba zuwa baya. Da gaba take ja ke nan. Mai biyun za ta yi. Mun kama ta zuwa Asabar.

Na fito da sanyin zuciya, har na sayi lemo na kai asibiti.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ya riƙe kofi da hannun hagu bai zubar ba. Ya ce mota. Na ce lafiyarta ƙalau.

Asabar, 11 ga Oktoba

Dole in rubuta ko na samu numfashi.

Mun fita da sassafe, tirelar tana ƙarar-ƙarar a bayanmu ba komai a kanta. Mun isa rana ta take. Motar tana nan a gindin katanga inda Injiniya ya bar ta, gaba a buɗe, ganye ya cika ta, kashin tsuntsu a gilashi. Sifanoninsa a jere kan tsumma daga ƙarami zuwa babba, yadda ya saba. Maigadi ya rufe su da kwali ya ɗora dutse. Sai da na juya baya na ɗan lokaci.

Auta ya buɗe da makullin, ya sa ta a firi, ya sauke birkin hannu, ya daidaita tirelar a gabanta. Maigadi ya kirawo leburorin da ke kwashe kaya. Suka tura. Ko motsi. Suka ƙaru, suka sake turawa da kirari da komai, tayoyin gaba suna son juyawa, na baya sun kafe sai gurzar ƙasa suke. Aka ɗaura igiya Auta ya ja da motarsa, ta biyo kaɗan tana jan ƙafa, baƙin layi biyu a siminti, warin roba ya tashi. Na yi ihu ya tsaya.

Babu makanike a wurin, sai wani mai faci a bakin titi. Ya zo ya leƙa, ya ƙwanƙwasa nan, ya ja can, ya ce shi dai bai taɓa ganin irin wannan ba, wataƙila tsatsa, wataƙila wani abu ya karye a ciki. Wataƙilarsa ta fi kayan aikinsa yawa. Auta ya ce a juya, a ɗora bayan a kan tirelar. Ta yaya za ta hau tunda ba ta gangarawa? Kuma mai haya ya riga ya ja mana kunne a kan haka, wai wutsiya za ta riƙa kaɗawa har ta kifar da mu.

Mai biyu tana bukatar motar da za ta bi ta. Tamu ta ƙi bi.

Mun kwashe sifanonin da guntayen injin, muka dawo da tirela wayam. Duk hanya Auta bai kunna rediyo ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

'Yata ta ce, "Mama, ki gaya wa Baba kawai." Na yi mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, ta shige ɗaki. In gaya masa me? Cewa tun da ya buɗe ido nake yi masa ƙarya, kuma abin da yake miƙewa dominsa yana can ana wasa masa wuƙa? Likita ya ce a kiyaye masa tashin hankali. Ni ce zan kai masa da hannuna?

Na zauna a gaban keke na ɗinke hannun riga a wuya. Sai farkewa.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na koma wurin mai haya. Mai huɗun ce kaɗai mafita, igiyar ƙarfenta za ta jawo motar ta hau ko tayoyin sun juya ko ba su juya ba. Na roƙe shi, na gaya masa komai, har asibitin, har ƙaryar. Ni da ba na kuka a gaban mutane. Ya saurara yana goge hannu da tsumma, ya ce in kawo babbar mota ya ba ni yanzu-yanzu, amma ba a bayan ta ƙwai ba. Babbar mota a ina? Biyu muka samu, ɗaya tana hanya sai wani makon, ɗayan mai ita ya ji nisan wurin ya kashe waya.

Da yamma Auta ya zo da fara'a, wai ya samo wani can bayan gari da zai ba mu mai huɗu ba tambaya. Na je na gani. Ba ta da birkin kanta, sarƙar duk tsatsa, taya ɗaya ta sha faci har ba a gane asalinta. Mai ita sai wangale baki yake, komai na tambaya sai ya ce ba matsala.

Auta ya ce a hankali za mu sauko, da giya ɗaya. Na ce gangarar fa? Ya ce, "Yaya, ni na yarda. Mijinki ne ya koya min tuƙi."

Na ce to. Allah ya gani na ce to.

Talata, 14 ga Oktoba

Matar Auta ta kawo abinci asibiti, jaririnta a baya. Tana ta ba Injiniya labarin yaron ya fara haƙori, tana dariya. Ba ta san komai ba. Motar ƙwan nan ita ce cinsu, ita ce shansu, mai tuƙa ta kuma shi ke nan mata. Na kalli ƙeyar jaririn na ture kwanon.

Wace irin yaya ce ni? Don kada mijina ya ji zafin magana ɗaya, zan ɗora ƙanena a gaban ƙarfen da ba birki in ce ya gangara.

Na kira shi na ce ya dakata da maganar mutumin bayan gari. Ya ce Yaya Juma'a fa ta matso. Na sani. Ko barci nake na sani.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na gaya masa.

Bayan an dawo da shi daga motsa jiki ne, yana kan kujera mai taya a bakin taga, gumi bai bushe ba. Na durƙusa a gabansa don kada in ga fuskarsa sosai, na zazzage komai a guje: motar ba ta gida, ba ta taɓa zuwa gida ba, jibi za a yanka ta, mun je da tirela tayoyin baya sun ƙi juyawa. Na jira. Na ma riga na duba inda ma'aikaciyar jinya take.

Sai na ji wani sauti. Na ɗago a tsorace, ashe dariya yake. Da rabin baki, hawaye na bin gefen da ya shanye, kafaɗa ɗaya tana rawa.

"Ka sani?" na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya nuna ƙirjinsa da yatsa, ya kaɗa yatsan a iska. Wato in ba shi ba, ba mai matsar da motar nan. Tun ranar da na ce Auta ya kawo ta ya san ba ta je ko'ina ba. Duk wannan mota, mota da yake yi, ba tambayar lafiyarta yake ba, so yake in tsaya in saurare shi, ni kuma kullum sai in toshe masa baki da lafiyarta ƙalau.

Ya fara murɗa hannun hagu a iska. Na kawo ruwa, ya ture kofin har ya jiƙa min zane. Ya ja ni ya zaunar a kujerar masu jinya. Ya ɗora ƙafarsa mai lafiya a kan tawa ta dama ya danna, da ƙarfi, sai da na ce wash. Bai ɗaga ba. Ya kamo wuyan hannuna ya tura ƙarƙashin kujerar ta gefen dama, can ciki, ya murɗa min shi. Ya saki. Ya sake daga farko. Ƙafa, hannu, murɗawa. Jijiyar wuyansa ta tashi, bakin yana ta kokawa, sai ga ta ta fito.

"Taka."

Can kuma, da kyar, a karkace: "Murɗa."

Sai a lokacin na gane. Mutumin da ya sa wa tukunyar gas ɗinmu ɓoyayyen famfo, ya sa wa tankin ruwa wani. Famfon bututun firji ya ɗauko ya dasa a hanyar man birkin baya, ya ɓoye a ƙarƙashin kujerar direba. In ya tsaya sai ya taka birki ya rufe, tayoyi su kame, ɓarawo ya yi ta fama. Na tambaye shi haka ne, ya lumshe ido yana jin daɗin kansa.

Wallahi da lafiyarsa ƙalau da yau ya ji bakina. Na haifa masa 'ya, na san lambar sirrin wayarsa, na san inda yake ɓoye alewar da likita ya hana shi, amma bai taɓa amince min da famfo ba. Na ce masa haka. Ya sake dariya, ni ma na yi, daga nan na kifa kai a gwiwarsa na yi kukan da na daɗe ina bin kaina.

Mai motsa gaɓoɓi ta ce kalma biyu sababbi a yini ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Mai biyun muka sake ɗauka. Mai haya ya ɗaure mana sarƙar da kansa, ya ce komai mai nauyi a sa a bayan a-kori-kura, kada a bar shi a but ɗin motar. Har ya ce Allah ya kiyaye hanya, abin mamaki.

Mun tarar da masu yankan ƙarfe sun riga sun fara daga ɗaya gefen, wuta tana tartsatsi, tsohuwar motar madara ta zama gida biyu. Ɗayansu yana jingine da tamu yana shan rake. Na ce ya ɗaga.

Auta ya so ya shiga, na ce a'a, ni aka koya wa. Na zauna. Warinsa yana ciki har yanzu, man inji da turaren nan nasa mai arha. Na taka birki da duk ƙarfina, na zura hannu. Ƙura, tsohuwar takarda, murfin biro. Ba komai. Na ce shi ke nan, ciwon ya rikita masa tunani, ni kuma na biye masa. Na ƙara turawa har kafaɗata ta goge sitiyari, sai yatsana ya taɓa wani ɗan ƙarfe mai sanyi, bai fi kan maɓalli ba. Ya ƙi murɗuwa. Na naɗe shi da bakin mayafi na murɗa da addu'a. Ya saki.

Suka tura. Shiru. Suka sake, sai wata ƙara ƙwas daga baya, motar ta gangara gaba a hankali kamar ba ita ba. Maigadi har da tafi.

Ta hau, aka ɗaure tayoyin gaba da maɗauri, Auta ya bi ya ja kowanne. Muka iso gangarar. Giya ƙarama, injin yana kuka, manyan motoci suna danna mana hon. Idona yana kan madubi, tana biye da mu hanci a sama. Da muka haye gada Auta ya tsaya a gefe wai zai duba maɗauri, ya daɗe a can yana jan sarƙar da ba abin da ya same ta.

Tana ƙofar gida. 'Yata ta wanke ta, mun lulluɓe ta da tsohon zanen gado.

Asabar, 25 ga Oktoba

An sallame shi. Da Auta ya sauke mu, bai shiga gida ba sai da aka yaye zanen. Ya daɗe tsaye da sandarsa, hannun hagu a kan rufin motar. Na daman yana rataye a gefensa, ya kalle shi, ya kalli sitiyari ta gilashi. Na ce sannu a hankali, zai dawo. Ya ce a shiga ciki, da kai ya faɗa.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Makanike ya gama haɗa injin tun makon jiya, Injiniya yana zaune a kansa da sanda yana nuna masa kuskure. Auta yana zuwa da yamma mu zagaya filin ƙwallon bayan unguwa, yana koya min tuƙi. Ba wani abu ba ne, don kada batir ya mutu ne, kuma ba kullum zan riƙa hana shi kai ƙwansa saboda asibiti ba.

Yau ranar motsa jiki. Auta bai samu zuwa ba. Muka fito, na tsaya ina laluben lambar mai tasi. Injiniya ya taka har ƙofar direba, ya tsaya. Sai ya zagaya ta gaba, a hankali, sanda tana ƙwanƙwasa siminti, ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna.

Ni na tuƙa. Motar ta mutu min a mararraba, na bayanmu suna ta hon, bai ko yi tsaki ba. Na ce masa na ɗan lokaci ne, kafin hannun ya dawo. Yana kallon titi.

Da muka dawo na tura kujerar direba ta koma baya yadda take a da, sai ya girgiza kai. Na mayar da ita daidai ƙafata. Wahala ce a yi ta ja ana turawa kullum, shi ke nan dalili. Jibi ma da safe ne, in tuna in sha mai a hanya.